Dokar bindiga ce ke rage harbin kan mai uwa da wabi, ko kuwa?

Ɗan Kwari: Salamu alaikum jama'a. Ni dai na gaji da zagin Amurka a kan bindiga. Ku duba Norwe. Lasisi ake yi kafin a riƙe bindiga, ƙasa ce mai zaman lafiya, amma a watan Yulin 2011 mutum ɗaya ya kashe mutum 69 a tsibirin Utoya, bayan 8 da bam ɗinsa ya kashe a Oslo. Mutanen ƙasar duka kusan miliyan 5 ne a lokacin. In aka auna da yawan Amurkawa, daidai yake da a kashe sama da mutum 4,000 a yini ɗaya. To ina amfanin dokar? Mugu mugu ne, doka ba ta tare shi.

Malamar Lissafi: Wa alaikumus salam Alhaji. Lissafinka bai ɓaci ba, abin da ka ɗora a kansa ne ya ɓaci. Kamar a ce kwale-kwale ya kife sau ɗaya a wani ƙauye, sai a raba gawarwakin da yawan mutanen ƙauyen a ce ya fi babbar hanyar da ake haɗari kowane mako hatsari. Ƙaramar ƙasa, masifa ɗaya tak takan cilla ta saman jadawali. Ka cire shekarar 2011, ka ɗauki shekarun Norwe ɗaya bayan ɗaya, mafi yawansu babu ko ɗaya. Yanzu ka gwada cire shekara ɗaya daga na Amurka. Ka cire 2012, da yara 20 da manya 6 na makarantar Sandy Hook, 2017 na nan, aka kashe kusan 60 a Las Vegas. Ka cire ta, 2022 na nan, yara 19 da malamai 2 a Uvalde. Wacce za ka cire ta zama babu?

Ɗan Kwari: Malama, ai ku ma kuna wasa da alƙaluma. Wasu su ce an yi irin wannan harbi fiye da 600 a Amurka a shekara guda, wasu su ce bai kai goma ba. Wanne ne gaskiya?

Malamar Lissafi: Duka biyun, ma'aunin ne ya bambanta. Gun Violence Archive, wata ƙungiya mai tattara alƙaluman harbe-harbe a Amurka, na ƙirga duk inda aka harbi mutum 4 ko fiye, ko sun mutu ko sun rayu, har da faɗan 'yan daba da rikicin cikin gida. Da wannan ma'aunin aka haura 600 a 2021 da 2022 da 2023. Wasu kuma sai an kashe 4 a bainar jama'a suke ƙirgawa, shi ya sa nasu ke fitowa kaɗan. Ka zaɓi wanda ka ga dama, amma ka auna kowa da shi. Ba ka auna Amurka da ƙaramin mudu ka auna Turai da babba ba.

Tsohon Soja: 'Yata, ki bar ni in ɗan taya Alhaji. Siwizalan fa? Matasansu maza na yin aikin soja, kuma da yawa a gida suke ajiye bindigar aikin. Harbin gasa al'adarsu ce. Me ya sa ba mu jin labarinsu kullum? Ni na riƙe bindiga shekaru, ba ta taɓa tashi da kanta ba. Tarbiyya ce.

Direban Texas: Baba, Allah ya ƙara girma, amma Siwizalan shaidar Malama ce, ba ta Alhaji ba. Can mai son sayen yawancin bindigogi sai ya nemi takardar izini, a duba ko yana da tarihin laifi. Yawo da ita a gari kuwa izini ne daban, da ƙyar ake bayarwa. Tun 2007 ma aka daina bai wa sojojin harsashin ajiyewa a gida. Kuma ƙididdigar cibiyar binciken ƙananan makamai ta Small Arms Survey ta 2017 ta ba su bindiga kusan 28 a kan kowane mutum 100. Amurka 120. Bindigogi sun fi mutane yawa, miliyan 393 a hannun farar hula.

Ni nan nake tuƙa babbar mota. Tun 2021 a Texas ba sai da lasisi ba mutum zai rataya ƙaramar bindiga ya fita. Kana layin biyan kuɗin mai, na gabanka ga ta nan a ƙugu, babu mai waiwayowa. A ƙofar wasu shagunan akwai allon da ke cewa kar a shigo da bindiga, yadda ake rubuta kar a sha taba. 'Yata tana aji biyu na firamare, ana koya masu yadda za su kashe fitila su lafe a lungun aji in mai harbi ya shigo. Wannan ba labari aka ba ni ba.

Tsohon Soja: To ai ko Siwizalan ɗin, a 2001 wani ya shiga majalisar jihar Zug ya kashe 14.

Direban Texas: Haka ne Baba. Sai da ka koma 2001 kafin ka samo.

Maman Biyu: Ni abin da ya fi tsaya mani a rai shi ne me ake yi bayan abin ya faru. A 1996 aka yi biyu. Watan Maris, a Dunblane ta Sikotilan, aka kashe yara 16 da malamarsu. Shekara na zagayowa Birtaniya ta haramta ƙananan bindigogi kusan gaba ɗaya. Watan Afrilu kuma Port Arthur a Ostireliya, mutum 35. Firaministansu John Howard, ɗan jam'iyyar masu ra'ayin riƙau ne fa, manoman karkara na cikin masu zaɓensu, amma cikin 'yan makonni ya haɗa kan jihohi aka hana bindigogi masu ɓarin wuta, gwamnati ta saye kusan 650,000 ta lalata. Shekara ashirin da suka biyo baya ba a ga mai kama da Port Arthur ba. Sannan masallatan Christchurch a Niyu Zilan, ranar Juma'a, 15 ga Maris 2019, aka kashe 'yan'uwanmu 51, Allah ya karɓi shahadarsu. Wata bai cika ba majalisar Niyu Zilan ta sauya doka, ƙuri'a 119 da 1. Shi maharin ɗan Ostireliya ne, amma a Niyu Zilan ya samu lasisi ya sayi makamansa.

Ɗan Kwari: Amin Hajiya. Amma Birtaniyar da kike yabo, a 2010 wani direban tasi ya kashe 12 a Cumbria, kuma da lasisinsa. Japan kuwa da kusan babu bindiga, da wuƙa aka kashe 19 a gidan naƙasassu a 2016, da fetur aka ƙone 36 a Kyoto a 2019. Shinzo Abe ma, tsohon firaministansu, da bindigar haɗin gida aka harbe shi a 2022.

Maman Biyu: Alhaji, wa ya ce doka na kawar da mugunta daga doron ƙasa? Tambayar ita ce sau nawa, kuma mutum nawa. Wanda ya kashe Abe sai da ya zauna ya haɗa bututu da katako saboda ba ya iya saye. Wanda ya kashe yaran Uvalde kuwa yana cika shekara 18 ya shiga shago ya sayi guda biyu, bisa doka.

Malamar Lissafi: Kuma wannan harbin taron da muke ta magana a kai ƙaramin kaso ne. A 2021 bindiga ta kashe mutum sama da 48,000 a Amurka, fiye da rabi kansu suka kashe.

Tsohon Soja: To me ya hana su yin irin na Howard?

Direban Texas: Kundin tsarin mulki, Baba. Gyara na biyu na 1791, wanda ya kare haƙƙin mallakar makami. A 2008 Kotun Ƙoli ta ce haƙƙin kowane mutum ne ya ajiye bindiga a gidansa, a 2022 ta ƙara da fita da ita waje. Sun taɓa hana sayar da wasu masu kama da na yaƙi a 1994, dokar ta ƙare a 2004, ba a sabunta ba. Kuma a Majalisar Dattawa sai da ƙuri'a 60 cikin 100 irin wannan doka ke wucewa. Ko an wuce nan, wa zai bi gida gida ya karɓo miliyan 393?

Ɗan Kwari: Yawwa! Ashe mun dawo maganata. Dokar Ostireliya ba za ta yi aiki a Amurka ba.

Malamar Lissafi: A'a Alhaji, ba maganarka ba ce wannan. Da farko cewa ka yi doka ba ta da amfani ko'ina, kuma Norwe ta fi Amurka muni. Yanzu kana cewa Amurka ba za ta iya kafa dokar ba. Wannan ta biyun ni ma ban musa ba. Ta farkon fa, ka janye ko tana nan?

Ɗan Kwari: Tana nan daram. Bari in sallami masu sayen atamfa, zan dawo maki da Kanada.