Neman kalmar Hausa: me za mu kira "fistula" ta masu wankin ƙoda?

Mai Shirin Lafiya: Salamu alaikum jama'a, don Allah a agaza min. Alhamis ɗin nan ce Ranar Ƙoda ta Duniya kuma gobe da la'asar zan naɗi shirin, likitan da zai shigo ya turo min takardarsa cike da "vascular access" da "AV fistula". Wankin ƙoda dai kowa ya sani. Hanyar nan da ake yi wa mara lafiya a hannu don inji ya riƙa jan jini yana mayarwa ita na rasa sunanta, kuma in na ce fistula a rediyo wallahi daga Rigasa har Birnin Gwari yoyon fitsari za a ji, da haka muka saba wa mutane.

Sista Unguwar Rimi: Hajiya kin taɓo inda ke mana ƙaiƙayi. Akwai matar da mijinta ya ce sam ba za a yi mata ba don kawai ya ji an ce fistula, sai da muka zaunar da shi. Abin kashi 3 ne. Akwai roba da ake sawa a babbar jijiyar wuya ko ta cinya, ta gaggawa ce, ba a so ta daɗe don ƙwayar cuta na bin ta ta shiga jini. Akwai jijiyar roba da ake dasawa ƙarƙashin fata. Sai ita fistular, likita ne zai haɗa jijiyar da ke kawo jini daga zuciya da wadda ke mayar da shi, a wuyan hannu ko gwiwar hannu, sai a jira kamar sati 6 zuwa 12 jijiyar ta yi kauri ta iya ɗaukar allura biyu duk zuwa. Mu a ɗakin wanki "haɗin jijiya" muke cewa, ta wuya kuma "robar wuya".

Malam Bazazzagi: Haɗin jijiya ba suna ba ne, bayanin aiki ne. Hausa na da magama, inda ruwa biyu ko hanya biyu suka gamu. A ce MAGAMAR JINI. Ginin kalmar daidai yake da mahaɗa, mashiga, mafita.

Bakano a Kakuri: ƙofar jini fa? ko mashigar jini

Malam Bazazzagi: Ƙofa buɗewa ake a rufe, wannan kuwa a ƙarƙashin fata take. Mashiga ta ɗauki shiga ta bar fita. Magama.

Ɗan Kawo: Allah gafarta Malam, Babana shekara da shekaru yana wanki, ban taɓa jin wani a layi ya ce magama ba. Shi "hannun wanki" yake cewa, kuma ko jikokinsa sun san ba a rataya a hannun wankin Alhaji. Aunty abin da nake roƙo ki faɗa a shirin, ko da wane suna, shi ne kar a auna hawan jini a wannan hannun, kar a ɗebi jini, kar a sa ƙarin ruwa, kar a kwanta a kansa, ba agogo mai matsewa ba ɗaukar jarka. Mun taɓa kai shi wani kemis da zazzaɓi yaron har ya naɗa masa abin awo a hannun, da ƙyar na tare.

Malam Bazazzagi: Hannun wanki kuma? sai ka ce ɗan wanki da guga. Irin Hausar barikin Kaduna ke nan, kowa ya tsinci kalma a tasha ya kawo rediyo. A Zariya aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, mutanen nan zama suke su tace kalma kafin ta fita, ba su ce ai haka ake faɗa a layi ba.

Mai Shirin Lafiya: Haba Malam, Hausar bariki? Tun 1962 Rediyon Kaduna ke magana da Arewa gaba ɗaya har Nijar da Kamaru ana kama mu, kalmomi nawa ne suka zauna a bakin mutane daga nan garin?

Bakano a Kakuri: ku dai yi ta yi, daidaitacciyar Hausa kowa ya san a kan ta Kano aka gina ta

Malam Bazazzagi: An gina a kan ta Kano, a Zariya aka rubuta ta.

Sista Unguwar Rimi: Don girman Allah ku bar wannan, baiwar Allah gobe take da naɗi. Malam ni ban ƙi magama ba, kalma ce mai kyau, amma in na ce wa tsohuwa daga Kujama "Mama za a yi miki magamar jini" sai na sake fassara mata, in na ce za a haɗa miki jijiya biyu a hannu ta gane nan take. Kuma akwai wadda ta fi wannan damuna. In ka ɗora yatsa a wurin haɗin za ka ji yana wani zzz ƙarƙashin fata, shi ne alamar jini na gudu, ana so mara lafiya ya taɓa kullum safe da dare, ranar da ya ji shiru to jini ya fara daskarewa, ya taho asibiti a ranar kar ya jira ranar wankinsa, don in aka makara haɗin ya mutu sai a koma robar wuya. Wannan zzz ɗin me za mu kira shi? Mu "motsi" muke cewa kuma bai isa ba, suna ɗauka bugun jijiya ake nufi.

Ɗan Kawo: Baba "diri" yake cewa, wai kamar dirin mota in an tayar ba a ja ba.

Bakano a Kakuri: tsuwa?

Malam Bazazzagi: Tsuwa da kunne ake ji, wannan da yatsa. Diri ya yi, wannan Hausa ce tsantsa, a gaida Alhaji, Allah ya ƙara masa lafiya. Amma ina nan a kan magama.

Mai Shirin Lafiya: Amin. To ga abin da zan rubuta. Gaba ɗayansu "hanyar wankin ƙoda", ta wuya "robar wuya" kuma zan ce kar ruwa ya taɓa ta wajen wanka, ta hannu "haɗin jijiya", zan faɗi fistula sau ɗaya in ce ba ta yoyon fitsari ba ce don su gane in sun ji a bakin likita. Diri na ɗauka. Malam zan ce "wasu malaman Hausa na kiranta magamar jini".

Malam Bazazzagi: Ba haka na so ba, amma a sa. Ki dai ja wasalin ƙarshe yadda ya kamata.

Sista Unguwar Rimi: Hajiya ki ƙara da cewa in wurin allura ya ɓalle da jini a gida a danne da tsumma mai tsabta a taho, haka in ya yi ja ko zafi ko ruwa na fita. Jijiyar robar nan ta biyu fa har yanzu ba mu ba ta suna ba.

Mai Shirin Lafiya: Ita likita ya yi bayaninta da bakinsa, lokaci ya ƙure min. Na gode, Allah ya bar zumunci.