Yaya aka yi Musulmi suka ƙare a ƙasar da ta ba mu Ishiriniya?

Ɗan Adar, Tahoua:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ni ɗalibi ne a ajin ƙarshe na lise a nan Tahoua, kuma da dare ina ɗaukar karatun Ishiriniya wajen wani dattijo a unguwarmu. Shekaranjiya, bayan mun gama baitocin ranar, Malam ya rufe littafi ya tambaye mu ko mun san garin da aka haifi mai waƙar. Wani ya ce Makka, wani ya ce Misira, sai Malam ya girgiza kai ya ce Alfazazi haifaffen Ƙurɗuba ne, a ƙasar Andalus, wato Sifaniya ta yau. Maganar ta tsaya mini a rai, domin ni sanin da na yi wa Sifaniya bai wuce ƙwallon da muke kallo a fada ba, sai kuma samarin garinmu da suke tafiya can neman kuɗi. Ina roƙon masu sani su warware mini: yaya aka yi ƙasar da Musulmi suka yi sarauta a cikinta kusan shekara 800 ta wayi gari ba a kiran salla ko a gari ɗaya, kuma ta wace hanya aka zo daga can zuwa Sifaniyar yau mai sarki da majalisa?

Tsohon malamin tarihi, Yamai:

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya saka wa malaminka da alheri, domin tambayar da ya jefa muku ta fi darasi goma. Kuskuren da na fi gani a shekarun da na yi ina koyarwa shi ne a fara labarin Sifaniya daga 711, kamar ƙasar kango ce kafin Ɗariƙu ɗan Ziyad ya ƙetare ruwa. Rumawa sun mulke ta ƙarnuka da dama, a zamaninsu Kiristanci ya shiga, bayansu kuma wata ƙabila da ake kira Bisigot ta kafa sarauta a Toledo. A 589 sarkinsu Rekared ya tara manyan limaman coci a wannan birni ya bayyana cewa shi da fadawansa sun bi ɗariƙar Katolika. Ka riƙe wannan shekara da kyau, domin a ranar aka ɗaura auren sarauta da coci a ƙasar, kuma mafi yawan abin da ya biyo baya rigimar wannan aure ce.

A 711 Ɗariƙu ya sauka gindin dutsen da har yau yake ɗauke da sunansa, Jabal Ɗariƙ, wanda Turawa suka mayar Jibralta, ya karya Sarki Roderik, kuma cikin ƴan shekaru ƙasar ta shiga hannun Musulmi sai duwatsun arewa. A 756 Abdurrahman, ɗan gidan Banu Umayya da ya tsira daga takobin Abbasiyawa, ya kafa daula a Ƙurɗuba, a 929 kuma Abdurrahman na Uku ya naɗa kansa halifa. Kiristoci da Yahudawa sun zauna a matsayin masu amana, suna biyan jiziya, suna da wuraren ibadarsu da alƙalansu, ko da yake ba a daidaita su da Musulmi ba. Abin da ake yawan mantawa shi ne, Larabawa da Barbar da suka shigo ƴan kaɗan ne. Mafi yawan Musulmin Andalus ƴan ƙasa ne da kakanninsu suka musulunta sannu a hankali, saboda haka waɗanda aka kora daga baya ba baƙi ba ne.

Halifancin ya rushe a 1031, ƙasar ta dare gida fiye da ashirin, kowane gari da sarkinsa. Waɗannan sarakuna suka riƙa biyan sarakunan Kirista na arewa zinariya don su bar su lafiya, wani lokaci ma don su taya su yaƙar maƙwabcinsu Musulmi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: Toledo ta faɗi a 1085. Da wuta ta yi wuta sai suka nemi agajin Murabiɗai, mutanen Sahara masu naɗa amawali kamar Abzinawanmu, kuma Yusufu ɗan Tashfin ya yi nasara a Zallaƙa a 1086. Wannan ya jinkirta abin ne kawai. An karya Muwahhidai, waɗanda suka gaji mulkin Murabiɗai, a yaƙin Uƙab a 1212, Ƙurɗuba ta faɗi a 1236, Ishbiliya a 1248, aka bar Garnaɗa ita kaɗai tana biyan gandu. Da Isabela ta Kastila ta auri Fardinan na Aragon a 1469, ƙarfin waɗannan masarautun Kirista biyu na arewa ya haɗu wuri ɗaya, kuma ranar 2 ga Janairu 1492 Abu Abdullahi, sarkin Garnaɗa na ƙarshe, ya miƙa mabuɗan birnin.

Malamar Larabci, unguwar Bukoki, Yamai:

Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya shimfiɗa zancen yadda ya kamata. Ina so in ƙara abu ɗaya ga ƙanena mai tambaya, domin faɗuwar sarauta daban, ƙarewar Musulmi daban, kuma tsakaninsu akwai shekara fiye da 100.

Garnaɗa ba a ci ta da ƙone-ƙone ba, yarjejeniya aka rubuta, wadda ta yi wa Musulmi alkawarin masallatansu da alƙalansu da dukiyarsu. Yahudawa aka fara juya wa baya: a watan Maris na 1492 aka ba su zaɓi, ko su karɓi baftisma, wato wankan shiga Kiristanci, ko su bar ƙasar. Musulmi kuwa alkawarinsu bai kai shekara goma ba. A 1499 babban limamin Toledo, Sisneros, ya zo Garnaɗa ya fara yi wa mutane baftisma ta dole, ya kuma sa aka tara littattafan Larabci aka cinna musu wuta a dandali. A 1502 aka haramta Musulunci a Kastila, a 1526 a Aragon. Daga nan aka riƙa kiran waɗannan mutane Morisko, Kiristoci a takarda, da yawansu kuma Musulmi a zuci. Tun 1478 akwai kotun binciken aƙida, wadda take hannun sarki, kuma aikinta shi ne bin diddigin sababbin tuba. Ƙin cin naman alade, ko wanka da sa tufa mai tsabta ranar Juma'a, ko rashin cin abinci da rana a watan azumi, kowanne ya isa maƙwabci ya kai ƙarar mutum. A 1567 aka hana su magana da Larabci da sa tufafinsu, suka yi bore a duwatsun Alfuharas daga 1568 zuwa 1571, aka murƙushe su aka watsa su cikin ƙasa. Daga 1609 zuwa 1614, zamanin Sarki Filib na Uku, aka kori kimanin mutum 300,000, mafi yawansu zuwa Maroko da Aljeriya da Tunisiya.

Wannan ne ya sa nake jin nauyi a zuciyata idan na ji mai wa'azi ya taƙaita labarin da cewa mutanen Andalus sun shagala da kiɗa da jin daɗi, shi ya sa Allah ya karɓe ƙasarsu. Wataƙila maganar ta dace da wasu sarakuna, amma zalunci ce ga talakawan da suka riƙe salla a ɓoye tsawon ƙarni guda, musamman mata, waɗanda a cikin ɗakunansu aka ci gaba da koya wa yara Fatiha da wankan gawa. Da Larabci ya ƙwace musu, sai suka riƙa rubuta harshen Sifaniyanci da baƙaƙen Larabci, daidai yadda kakanninmu suka rubuta Hausa da ajami, kuma sunan da ake kiran wannan rubutu a can, alhamiyado, daga kalmar ajami ɗin ya fito. A 1884 aka ci karo da tarin irin waɗannan littattafai a ɓoye cikin ginin wani tsohon gida a ƙauyen Almonasid a Aragon, inda mai su ya adana su ya tafi bai dawo ba.

Kuma ba Ishiriniya kaɗai muka gada ba. Muwaɗɗa da muke karantawa ruwayar Yahaya ɗan Yahaya ce, malamin Ƙurɗuba, wanda ya taimaka wajen kafa mazhabar Malikiyya a can. Ibnu Malik mai Alfiyya mutumin Jayyan ne, Ibnu Asim mai Tuhfa, wadda alƙalanmu suka daɗe suna hukunci da ita, alƙalin Garnaɗa ne. Duk almajirin da ya zauna gaban malami a Tahoua ko Ƙonni ya taɓa Andalus da hannunsa, ko bai sani ba.

Ɗan ci-rani da ya dawo, Tahoua:

Gafarta Malam, gafarta Malama, ni ban yi karatu mai zurfi ba, amma na yi shekara shida a lardin Almeriya ina aikin tumatir cikin rumfunan leda, kuma zan faɗi abin da idona ya gani. Kalmar farko da ta ba ni mamaki ita ce sunan magajin gari, wanda suke kira alkalde, wato alƙalinmu ne ya sake riga. Mai da ake soya abinci suna kiransa asaite, daga zaitu, lambatun ban ruwa kuma asekiya, daga saƙiya. Wani tsoho da nake aiki a gonarsa ya ce mini kakanninsa sun gaji tsarin rabon ruwa daga Moro, sunan da suke kiran Musulmin da, kuma ya faɗe shi da alfahari.

Sau ɗaya na je Ƙurɗuba. Na shiga babban masallacin da Abdurrahman ya fara ginawa, na tarar da ginshiƙai jere iya ganina, da bakuna masu ratsin ja da fari a kansu, ga mihirabi yana ƙyalli da zinariya da ayoyi a rubuce. A tsakiyar ginin kuma coci ce sukutum aka dasa, domin tun 1236 wurin na Katolika ne kuma ba a salla a ciki. Na tsaya gaban mihirabin nan har ƙafata ta gaji, ban iya cewa komai ba. Wani abin da na lura kuma, a makon Ista, babban bikin Kirista, gari yakan cika maƙil, ana ɗaukar mutum-mutumi a kafaɗa ana kuka, amma ranar Lahadi ta yau da kullum tsofaffi ne suka fi yawa a coci. A can na ji cewa Judar, wanda ya jagoranci rundunar Maroko ta karya Askiya Isiyaku na Biyu a Tondibi a 1591, haifaffen wani gari ne a lardin da na zauna. Ashe guguwar ta iso har bakin kogin Kwara.

Tsohon malamin tarihi, Yamai:

Madalla da ku duka biyu. Abin da ƙanena ɗan ci-rani ya gani a coci shi ne amsar rabin tambayar na biyu. Bayan korar Morisko, sarakunan Sifaniya sun samu abin da suke so, ƙasa ɗaya da addini ɗaya, aka kuma ci gaba da binciken tsarkin jini kafin a ba mutum wasu muƙamai, don a tabbatar ba shi da kaka Bayahude ko Musulmi. Amma da abokin gaba ya ƙare, sai rigimar ta koma cikin gida. Kundin tsarin mulkin Kadis na 1812 ya taƙaita ikon sarki, duk da haka ya ce Katolika ne kaɗai addinin ƙasa, kotun binciken aƙida ma sai a 1834 aka rufe ta gaba ɗaya. Daga nan ƙasar ta rabu biyu, masu ganin babu Sifaniya sai da coci, da masu ganin coci ce ƙawar masu gonaki da sojoji wajen danne talaka. Jamhuriyar 1931 ta raba coci da gwamnati, a 1936 sojoji suka yi tawaye, aka yi yaƙin basasa har 1939. An kashe limamai da masu hidimar coci kusan 7,000 a ɓangaren jamhuriya, ɓangaren Janar Franko, jagoran sojojin da suka yi tawaye, kuma ya kashe dubban mutane a lokacin yaƙi da bayansa. Manyan coci sun kira yaƙin na kare gicciye, alhali cikin dakarun da Franko ya fi dogara da su akwai dubban Musulmi ƴan Maroko.

Franko ya mulki ƙasar har mutuwarsa a watan Nuwamba 1975, ya ba coci makarantu da aure, ya danne harsunan Kataloniya da Basko. Bayansa Sarki Huwan Karlos ya hau, kuma kundin 1978 ya rubuta a sashe na 16 cewa babu addinin da zai zama na gwamnati. A ganina wannan shi ne sakin auren da aka ɗaura a 589, ko da yake wasu sojoji sun yi yunƙurin juyin mulki a Fabrairun 1981 bai yi nasara ba. A 1992 gwamnati ta sa hannu kan yarjejeniya da Musulmi da Yahudawa da Furotesta, a 2003 kuma aka buɗe masallaci a Garnaɗa yana fuskantar Alhamra, tsohuwar fadar sarakunan Musulmi na birnin. A 2015 aka yi dokar ba jikokin Yahudawan da aka kora damar zama ƴan ƙasa, kuma wannan daidai ne, sai dai ba a yi wa jikokin Morisko irinta ba, ga su nan a Tetuwan da Rabat da Tunis, wasunsu har yau da sunayen zuriya na Sifaniyanci.

Ɗan Adar, Tahoua:

Allah ya saka muku da alheri, Baba da Malama da Yaya. Daren jiya na karanta wa Malam amsoshinku daga wayata, almajirai suna zaune. Da na zo kan littattafan ajamin da aka ɓoye cikin gini, sai ya tsayar da ni ya ce in maimaita, sannan ya shiga ɗaki ya fito da gafakar mahaifinsa ya nuna mana takardun da ke ciki. Ya ce in tambayi Malama, in tana da hali, ta gaya mana waɗanne irin karatu ne aka samu a littattafan na Almonasid, kuma ko akwai wanda ya iya karanta su a yau.