Gurbi ko kujera? Sai kuma wanda ya gangaro

Jama'a dan Allah ku taimaka, ina rubuta bayani kan gasar Ironman, wato tseren nan na ninkaya da keke da gudu a jere ba hutu, kuma kalmomi biyu sun tsaya min a wuya. Ta farko ita ce abin da Turawa ke cewa slot, ta biyu rolldown. Bari in bayyana yadda abin yake tukuna, don kar mu raɗa suna a makance.

Babbar gasar duniya galibi ana yin ta ne a Kona, tsibirin Hawayi na Amurka, tun 1981 (an fara ta a Oahu a 1978). Ninkaya kilomita 3.8, keke kilomita 180, sannan gudun yada-ƙanin-wani kilomita 42.2. Ba wanda zai tashi haka kawai ya biya kuɗi ya shiga, sai ka ci wuri a wata gasar share fage. Kuma mafi yawan masu yin ta ba ƙwararru ba ne, mutane ne masu sana'arsu, don haka aka raba su rukuni-rukuni bisa shekaru, 18 zuwa 24, 25 zuwa 29, 30 zuwa 34, haka dai har tsofaffi, maza daban mata daban.

To a tsohon tsarin da aka daɗe ana bi kafin sauyin 2025, kowace gasa ana ba ta adadin wuraren da za ta raba, sai a ba kowane rukuni guda ɗaya muddin akwai wanda ya fito a cikinsa, ragowar kuma a raba gwargwadon yawan mutanen rukuni, shi yasa maza 'yan arba'in da wani abu da ke cika fili suke kwashe da yawa, su kuma mata 'yan sittin sai guda ɗaya tak ko da wadda ta zo ta biyu ta yi abin a zo a gani.

Wani ya ce in sa kujera a madadin slot, kamar yadda muke cewa kujerar Hajji, tunda ita ma rabo ake yi daga sama zuwa ƙasa. Gaskiya hujjar ta yi ƙarfi, kowa zai gane nan take. Amma kujerar Hajji biya ake, wannan kuwa da gumi ake ƙwatar ta, kuma mutumin da zai wuni yana gudu ba a ce ya samu kujera ba. Ni dai gurbi ya fi kwanta min, ai dama muna cewa ƙasa kaza ta samu gurbi a gasar cin kofin duniya.

Ta biyun ce mai wuya. Bayan an gama tsere ana taruwa a zaure a kira suna, in an kira ka ba ka nan, ko ka ce ba ka so, ko ba ka da kuɗin rajistar da ake biya nan take, shi kenan ya wuce ka, sai a kira na bayanka, shi ma in babu sai na bayansa. Shi yasa za ka ga wanda ya zo na bakwai zaune da katin banki a hannu yana jira. Wata 'yar'uwa ta kawo gadon gurbi, amma gado sai an mutu, kuma nan babu haƙƙin kowa sai an kira shi ya amsa. Maye gurbi kuma cire wani ne a sa wani. Wanda na fi so shi ne gangarowa, saboda yana shiga magana sumul: gurbin ya gangaro masa, bana bai gangaro sosai ba, je ka zauna ko zai gangaro.

Sai dai a 2025 masu shirya gasar sun sauya tsarin domin gasar 2026. Yanzu wanda ya zo na ɗaya a rukuninsa yana da gurbi kai tsaye, sauran kuma ana auna lokacin kowa da ma'aunin shekarunsa a jera su, ta yadda dattijo ɗan sittin zai iya shiga gaban saurayin da ya riga shi isowa. Wannan ma'aunin suna ce masa Kona Standard, ni na rubuta mizanin Kona, amma in akwai mai abin da ya fi shi ina saurare kafin in tura rubutun.