Jama'a a taya ni neman kalma: me za mu kira "sperm" da Hausa?

Salamu alaikum. Kwana uku ke nan ina son in yi rubutu kan wani farfesa ɗan ƙasar Denmark mai suna Niels Skakkebæk amma kalma ɗaya ta tsaya min a wuya. Shi ne jagoran binciken nan da ya fito a mujallar likitoci ta BMJ a 1992, shi da Elisabeth Carlsen da abokan aikinsu a Kopenhagen, suka tattara bincike 61 da aka yi kan maza kusan dubu 15, suka ce abin da ake samu a mililita ɗaya na ruwan namiji ya sauko daga miliyan 113 a 1940 zuwa miliyan 66 a 1990. An yi ta musu da su kan yadda suka yi lissafin, amma dai takardar ce ta tayar da masana, har a 2017 wani masani mai suna Hagai Levine da ƙungiyarsa suka sake auna maganar suka ga raguwar ta haura kashi 50 cikin 100 daga 1973 zuwa 2011 a ƙasashen Turawa.

To miliyan 113 na mene ne? Nan na maƙale. In na ce maniyyi na yi ƙarya, don a takardar ma abu biyu suka auna daban, ruwan kansa wanda ya ragu daga mililita 3.4 zuwa 2.75, da kuma 'yan halittun da ke iyo a cikinsa. Mu kuwa duka biyun maniyyi muke cewa.

Kuma wallahi ba ƙaramin abu ba ne wannan. Na taɓa raka wani ɗan'uwana karɓo sakamakon gwaji, shekara shida da aure matarsa ta sha sassaƙe ta sha rubutu ta sha gorin dangi, ma'aikacin ya ce masa maniyyinka ne ya yi ƙaranci, ya ninke takardar ya cusa a aljihu ya ce "Malam ni fa na san kaina, ruwa na zuwa kuma da kauri." Gaskiyarsa, ruwan na nan. Abin da ke cikin ruwan ne babu, kuma kalmar da aka faɗa masa ba ta nuna masa haka ba.

Wata 'yar'uwa ta ce in sa ƙwayar haihuwa. Na gode Hajiya, sai dai ki faɗi haka a kyamis ki gani, magani za a miƙo miki, ƙwayar haihuwa da ƙwayar tazarar haihuwa sun yi kusa da yawa a kunne.

Wani malaminmu ya kawo nuɗufa. Allah ya saka da alheri Malam, amma wannan lafazin Alƙur'ani ne, malaman tafsiri suna da bayaninsu a kai, ba na son mu jawo shi ɗakin gwaji mu taƙaita ma'anarsa. Wanda ya ce ƙarfin namiji kuma don Allah a bar wannan, masu lasifika a kasuwa sun riga sun cinye kalmar, kuma mutum yana iya zama lafiya lau a shimfiɗa amma ba ko ɗaya a ruwansa.

Ni zuciyata ta fi kwanciya da iri. Bahaushe manomi ne, ya san ko an yi ruwan sama kamar da bakin ƙwarya in ba a zuba iri ba gona ba ta tsira. Na fara rubuta irin namiji sai na ga za a karanta shi kamar ana nufin wane kalar namiji, na goge. Saboda haka ƙwayar iri. Ruwan ya zauna a maniyyinsa, 'yan halittun nan masu kai da jela kamar talibambam su zama ƙwayoyin iri, gwajin kuma ƙidayar ƙwayoyin iri.

Na gwada a jimla: Hukumar Lafiya ta Duniya a 2021 ta sa mafi ƙarancin adadin da ake sa ran samu a ƙwayoyin iri miliyan 16 cikin mililita ɗaya na maniyyi. A kunnena dai ya zauna. Likitocinmu da ma'aikatan lab masu yi wa mutane bayani baki da baki, ku nake jira, in kun faɗa wa magidanci haka zai gane ko da gyara? Mutanen Damagaram da Maraɗi ku ma ku faɗa mana yadda ake cewa a asibitocinku, rubutun farfesan na nan na ajiye sai na ji daga gare ku.