Zan sake aure, uban yarana ya ce zai kwashe su

Assalamu alaikum. Malamai da lauyoyi, don Allah ku taimaka min.

Shekara 2 ke nan da aurena ya mutu ta hanyar khul'i a wata kotun shari'ar Musulunci a Kano. Na mayar masa da sadakinsa, alƙali ya bar min riƙon yaranmu, namiji ɗan shekara 7 da mace 'yar shekara 4, ya yanke masa naira 30,000 duk wata na ci da makaranta. Sau huɗu ya biya, shi ke nan. Na koma kotu aka kai masa sammaci, sai ya turo ƙaninsa da rabin buhun masara, aka ɗage zama. Kawuna ya je wajen mahaifinsa sau biyu, amsar ɗaya ce: a yi haƙuri, kasuwa ba ta tafiya. Sabon babur kuwa da idona na gan shi a kai.

Yanzu an sa min rana bayan Babbar Sallah. Da labari ya kai masa, ya aiko cewa ranar da aka ɗaura, ranar zai kwashe yaransa ya kai wa amaryarsa.

Abin da na sani a Malikiyya, uwa ke riƙe namiji har ya balaga, mace har ta tare, in kuma uwar ta yi aure riƙon ya koma hannun kakarsu ta wajen uwa. Hajiyata na nan da ƙarfinta, ta ce ta ɗauka.

Tambayata: wace ƙara zan shigar tun kafin ɗaurin aure, don kotu ta rubuta riƙon a hannun Hajiya? Na gode.