Ƙofar tare gobara ta lalace a gidan Hajiyarmu, wa zan kai wa?

Salam jama'a, don Allah a taimaka. Hajiyarmu na zaune a gidajen kansul (wato na ƙaramar hukuma) na tsofaffi a Ingila, hawa na uku, da sanda take tafiya. Sati biyar kenan ƙofarta mai tare gobara bata rufuwa da kanta, ƙarfen saman ya saki. Na kira ofishin masu gidan sau huɗu na tura imel da hotuna, lambar aiki kawai suka bani, ba wanda ya leƙo. Wallahi in na tuna gobarar dogon benen Grenfell da aka yi a Landan a 2017 bana iya barci, don bata iya sauka matakala. Housing Ombudsman kuma, wato ofishin da ke sauraron koken 'yan haya, ba ya bincike sai an gama matakan koke biyu wajen masu gida. Zan iya kiran 'yan kwana-kwana kai tsaye su zo su duba ƙofar?