Daga kakin ɗan sanda zuwa binciken haɗurran masana'antu

Tsofaffin 'yan sanda da suka koma wannan aiki bakinsu ya zo ɗaya: iya ɗaukar bayanin shaidu da killace wurin haɗari na nan da amfaninsa, amma sai an sauya tunani. A caji ofis mai laifi ake nema. A masana'antar Sharaɗa ko Bompai da ke Kano kuwa, idan inji ya datse yatsun lebura, tambayar ita ce me ya sa aka cire murfin injin, kuma wa ya matsa a ƙara sauri. Ina ganin nan ne wahalar take.

Sun ce a yi kwas ɗin NEBOSH (hukumar Birtaniya mai ba da takardar shaidar ƙwarewa kan lafiya da kariya a wurin aiki) tun kafin ritaya, a karanci dokar diyyar ma'aikata ta 2010 da NSITF, hukumar inshorar ma'aikata ta Najeriya, ke aiwatarwa, sannan a tambayi ma'aikaci shi kaɗai, ba a gaban shugabansa ba.